Sifikar da Yaya Hajara Ta Zaɓa a Duwala

Briqueterie, kafin asuba

Ba a kira sallah ba muka fito daga lungun. Masu tsiren bakin titi sun daɗe da tashi, sai ƙaurin kitse da toka mai ɗumi a gangunansu. Ni ne a gaba da 'yar jakata, Yaya Hajara na biye da ni ta ninka mayafi saboda sanyin Yawunde, ɗanta Bashir kuma yana haska mata kwata da fitilar waya. Ya raka mu har inda muka sami tasi, yana ta nanata mini kada in sayo abin da zai sa abokan cinikinsa su yi masa dariya. Uwarsa ta ce ya koma ya kwanta, tunda ba shi aka gayyata ba.

Da yawa cikinku kun tare ni a masallaci da teburin mai shayi kuna tambayar abin da ya sa na ɗauki babbar mace har Duwala don sayen sifikar kwamfuta, alhali ni kaina kayan wuta nake sayarwa. Ga yadda aka yi.

Yaya Hajara ita ce babbarmu, ni ne auta. A Bamenda ta yi aure, can ta haihu, can aka binne mijinta tun kafin rikici. Da harbe-harbe suka yi yawa a unguwarsu, Bashir ya ɗauko ta suka taho. Na kama musu shago a Brik, wato Briqueterie, mai ɗaki a bayansa, don a lokacin masu gudun hijira sun cika unguwa, ko rumfa da ƙyar ake samu. Gidana na unguwar Madagaskar ciki da falo ne, ga mata ga yara, ita kuma ta ce ba za ta takura wa matar ƙaninta ba. Na ba Bashir kwamfuta da babban allo da tsohuwar sifika mai wufa, wato akwatin nan da ke fitar da ƙara mai kauri wadda ake ji a ƙirji. Da rana samari su yi wasan ƙwallo da na harbe-harbe, da yamma a sa fim, a tsakani a saki kiɗa don jawo mutane. Da shagon nan suke ci.

Rannan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone wufar, shago ya yi shiru. A kwanakin shirun ne na zo na tarar da Yaya a tsakar gida tana tsintar shinkafa tana hira da maƙwabta, abin da ban taɓa gani ba tun zuwanta. Da na ce mata na kusa kawo sabuwar sifika, sai ta ajiye faifan. Ta ce tun da ta zo bangon ɗakinta ke bugawa, kwanukan da ke kan kanta suna kaɗawa daidai yadda suke yi a Bamenda in wani abu ya fashe. Ta yi shiru ne kawai don abincin ɗanta ne.

"Auta," ta ce, "a can in na ji ƙarar na san abin yi, in shige ƙarƙashin gado, kowa ma ya shige. A nan ina ƙarƙashin gado ana dariya a bayan bango. In ƙarar nan ta dawo, ka sa ni a motar Bamenda."

Yaya ba ta faɗin abu sau biyu. Shagon kuma ba zai rayu babu sauti ba, don tuni samari sun fara komawa wani wuri a Elig-Edzoa. Na gwada musu abin sawa a kunne, amma masu kallo sun fi masu wasa yawa, su ma sautin ne ke zaunar da su. Na zaga kasuwar Mokolo da shagunan tsakiyar gari, duk kaya iri ɗaya, masu fitilu da ihu. Sai na yanke shawarar zuwa wurin masu sauke kwantena a Duwala, in kuma tafi da kunnen da za a yi wa sayayyar.

Daga Mvan zuwa Mbankomo

A tashar Mvan muka yi sallar asuba, a kan kwalin da wani mai burodi ya ara mana. Na zaɓi babbar bas, ba ƙananan nan masu gudu kamar an koro su ba, na nema wa Yaya kujerar taga. Direban wani ƙato ne mai raha, mutumin Edeya. Ya ga tana jan carbi, ya ce mata da Faransanci ta sa birkinsa a cikin addu'a. Na fassara mata. Ta ce in gaya masa ta sa, amma shi ma ya riƙa takawa.

Gari ya waye sosai muka isa shingen jandarmomi bayan Mbankomo. A shekarun nan kowa sauka yake yi, a bi layi da katin shaida a hannu, a taka zuwa gaba inda mota ke jira. Na lura Yaya ba fuskar jandarman take kallo ba, bindigarsa take kallo. Ya juya katinta, ya ga Bamenda, ya tambayi abin da za ta yi a Duwala. Na ce masa sifika za mu saya, ita ce mai zaɓe. Ya dube ta daga mayafi har silifa, ya tambaya ko Mama ce ke sa kiɗa a gidan rawa. Abokin aikinsa ya yi dariya, shi ma ya yi, ya miƙa mata katin da hannu biyu.

Da muka koma mota ta matsa sai na faɗa mata abin da ya ce.

"Ji shi, da kunnuwa kamar faranti," in ji ta.

Sannan ta saki hannuna, wanda ban ma san tun yaushe ta riƙe ba.

Bumnyebel, Puma, Edeya

Da hantsi muka tsaya Bumnyebel. Mota ba ta gama tsayawa ba mata suka kewaye tagogi da tire a ka: gasasshiyar ayaba da safu, wasu 'ya'yan itace masu maiƙo, da mintumba, wato ƙullin rogo da manja a cikin ganye. Nama kam ba mu taɓa ba, don ba ka san yankan wa ba ne, Yaya ma ta ƙullo kilishin Brik a jakarta. Ta ci ayabar ta ce ta Bamenda ta fi zaƙi. Ta sha ruwa ta ce na can ya fi sanyi. Ta ce da ina cin abinci a hankali, ba kamar wanda ake bi bashi ba, da ni ma na ji bambancin. Ban yi musu ba. Ina dai jin yadda sunan garin ke yawan fitowa daga bakinta, abin bai yi mini daɗi ba.

Daga nan zuwa Puma hanyar ta manyan motocin katako ce. Gungume ɗaya a bayansu ya fi ɗakin Yaya tsawo. In ɗaya ta gifta, bas gaba ɗaya sai ta girgiza, gilasai su kaɗa, ka ji rugugin har cikin cikinka. Ni mai sayar da wufa na san wannan ƙarar ta fi duk abin da ke shagon Bashir kauri. Na saci kallon Yaya, sai na ga kilishinta take tauna hankali kwance. Na tambaye ta ko wannan ba ya damunta. Ta ce me zai dame ta, mota ce, tun daga kan tudu take hango ta tana zuwa. Na riƙe maganar, amma a lokacin ban san inda zan ajiye ta ba.

A Edeya muka hau gadar Sanaga. Damina ce, ruwan ya cika ya yi ja. Direba ya rage gudu, ba don mu ba, don ya gaida wani ɗan'uwansa da hon. Yaya ta leƙa taga ta daɗe tana kallo, ta ce Allah mai iko, ga ruwa har haka amma a Brik sai mutum ya bi layin famfo.

Duwala, Niu-Bel

Zafin Duwala tun daga Yasa yake tarbar mutum. Yaya ta cire mayafi ɗaya ta mayar da shi mafici. A Ndokoti cunkoso ya riƙe mu har azahar ta wuce, masu babur da ake kira bensikin suna ratsa tsakanin motoci kamar ƙudan zuma. Da muka sauka suka yanyame mu. Yaya ta ce ko kujerar Makka aka ɗaura a bayan babur ɗin ba za ta hau ba. Muka ɗauki tasi.

Mai masaukinmu Alhaji Ɗanlami ne, mai sayar da batura da fitilun sola a Niu-Bel. Tare muka fara tallar kaset a Mokolo muna samari, shi ya gangaro bakin teku, ni na tsaya a Yawunde. Matarsa ta ja Yaya ciki, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da bandar kifi. Bayan la'asar na zayyana masa abin da ya kawo mu. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Shekara da shekaru ina ganin masu neman sifikar da ta fi ƙara. Yau na ga mai neman wadda ta fi kunya."

Amma da ya gama dariyar sai ya ɗauki waya. Ya ce akwai wani Mista Ndi a Akwa, kayansa ba irin na kowa ba ne, yana haɗo na ofis da na gida. Ya roƙe shi ya buɗe mana da sassafe, kafin layin masu kayan wuta ya tashi, don in ya tashi ko mai lafiyayyen kunne sai ya yi haƙuri.

Akwa, shagon Mista Ndi

Ga wanda bai san sana'armu ba, mai sayar da sifika ba ya ajiye ta gwaji da murya ƙasa. Kullum maɓallin yana ƙarshe, kiɗa mai duka yana jira, don da an jona wuta mai saye ya ji ta a haƙarƙarinsa kafin ya tambayi farashi. Haka nake yi a shagona, haka kowa yake yi.

Mun sami Mista Ndi yana ɗaga ƙofa. Gajere ne, mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Ya ba Yaya kujera kusa da kanta. Na yi masa bayani cewa a hankali muke son komai, ya ce Alhaji ya gaya masa, ya gane. Ya sauko da wata babba daga kan tebur. Na tsaya ina duba bayanta, ina ɗaga ta in ji nauyi, shi kuma ya miƙa hannu ya jona. Dillalai biyu a tsaye, babu wanda ya tuna ya duba inda maɓallin ya kwana.

Bugu ɗaya ta yi, ta ƙara na biyu, Ndi ya fizge wayar daga bango. Na juya, kujera babu kowa. Can na gan ta a tsugune tsakanin kwalaye, ta ja mayafi ta rufe kai, bakinta na motsi. Ba ta yi ihu ba. Na durƙusa kusa da ita, na san laifina ne, don ni na kawo ta.

Ndi ne ya fara magana. Ya tsuguna shi ma, nesa kaɗan, ya ce, "Ashiya, Mami." Kalmar ban haƙuri ce ta mutanen Bamenda. Ta ɗaga mayafin ta dube shi. Ya tambaye ta da Turancin Pijin daga ina take, ta faɗa. Ashe shi ma can ya baro shagonsa, uwarsa tana gidansa a Bonaberi, in iska ta buga ƙofa sai ta kasa cin abinci ranar. Suka shiga lissafa unguwanni, wa ya tafi, wa ya rage, wace kasuwa ke ci. Ni Pijin ɗina na ciniki ne, rabi nake tsinta. Na dai ga ta koma kan kujera ta gyara ɗaurin kallabi. Na ce mata ko mu koma masauki. Ta ce ba ta zo daga Yawunde don ta ga gadar Edeya ba, a ci gaba.

Ndi ya sauke ƙofar shago rabi. Akwai sito a baya, bangon bulo ne tsakaninsu kamar na gida. Yaya ta sa aka aro mata kwanon sha mai murfi wurin mai abincin gefe, ta ɗora shi a kan katako jikin bango, ta zauna a ciki. Muka yi da ita in abu ya yi mata yawa ta ƙwanƙwasa. Daga nan duk wadda za a jona sai na murɗa maɓallinta ƙasa da hannuna.

Tunda wasunku za su je irin wannan sayayya, bari in faɗi yadda nake zaɓe. Lambar ƙarfi da ke jikin kwali kada ta ruɗe ka, wanda ya buga kwalin bai taɓa jin sifikar ba. Ɗaga wufar. In ta yi nauyi, akwai maganaɗisu da taransifoma na kirki a ciki. Ƙwanƙwasa jikinta, katako muke so, roba zuga take yi kamar bokiti. Kunna ta babu kiɗa ka kara kunne, in tana gurnani ita kaɗai bar musu abinsu. Sannan ka gwada ta da aikin da za ta yi. A fim, ƙananan sifikun biyu ne ke ɗaukar magana, to sa wurin da mutum biyu ke hira a hankali ka ji ko za ka gane su ba tare da ka matso ba. A wasa, a ji abin da ya taho ta hagu daban da na dama. A kiɗa kuwa ni da waƙar biki nake gwadawa, in ban bambance kalangu da babbar ganga ba, wufar hayaniya kawai take yi.

Babbar da ta ba mu kunya ba ta daɗe ba. Ko a rabi murfin kwanon rawa yake yi, ga maganar fim a ciki kamar daga rijiya. Wata ƙarama ta roba ba ta motsa kwanon ba ko kaɗan, Yaya ta leƙo ta ce wannan ta yi. Na ce mata wannan in na kai wa Bashir, rediyon mai shayi ya fi ta, gara shagon ya zauna shiru. Ta koma ciki tana cewa dama ta san ba zan so mai sauƙi ba.

Sai wata ta katako, baƙa, ba fitila ko ɗaya, mai maɓallin kauri daban a bayanta. Ta burge ni. Magana fes, kalangu fes. Na ɗora ta kan soso, na janye ta daga bango, na rage kaurin, kwano bai ce komai ba. Muka sa waƙa, shiru. Muka sa wasan ƙwallo, shiru. Har na fara tunanin ciniki. Ndi ya sa wasan harbe-harbe, murya ƙasa ƙasa, yadda ko a shagon Bashir da ƙyar za a yarda da shi. Harbin farko ya fita, aka ƙwanƙwasa bango.

Ta fito a gajiye. Ta ce kwanon bai motsa ba, gaskiya ne, amma ita ta motsa. Ta ce in daina wahalar da bawan Allah, in saya wa yaro abin da zai ci abinci da shi, ita ta san hanyar gidanta. Ta zauna a kujera, ni na jingina da kantar shagon, Ndi yana naɗe wayoyi.

A kan kantar akwai wani abu zagayayye kamar murfin kwalbar man shafawa, da doguwar waya a jikinsa. Yaya ta ɗauka tana juyawa, irin yadda mutum ke wasa da abu in ransa ya ɓaci. Ta tambayi ko mene ne. Ndi ya ce na wata sifika ce da bai sauko da ita ba, irin ta masu aikin ofis. Wufarta a ƙarƙashin tebur ake turawa, shi ya sa aka yi mata maɓalli daban wanda zai zauna kusa da hannu. Saman na murya ne, ɗan ƙaramin da ke gefe na kauri. Nan maganar motocin katako ta faɗo mini. Na ce ya sauko da ita.

Ita ma katako ce, ta ɗan fi waccan ƙanƙanta, amma ta ci duk gwajina. Da aka zo kan harbe-harben ban ce Yaya ta shiga sito ba. Na murɗa abin har ƙasa na sa mata a tafin hannu, na ce wasan yana tafiya, in ta ga dama ta ɗaga, in ba ta ga dama ba mu tashi. Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta murɗa kaɗan, harbin ya fito kamar ana fasa gyaɗa, ta mayar da sauri. Ta sake ɗagawa, ta ɗan jima, ta mayar. A karo na gaba ta kai shi sama da inda ta ƙwanƙwasa mana bango ɗazu, ta bar shi, tana kallon hannunta. Ta taɓa na gefen, kaurin ya taso har na ji shi a tafin ƙafa, ta kashe shi.

"Wannan ni nake kiranta," ta ce, "ni kuma nake korarta."

Na auna wayar da hannu, za ta kai daga teburin Bashir ta ratsa bango har bakin gadonta. Aibinta ɗaya, kan wayar mai ƙusoshi da yawa ne, ba irin wanda ake samu a Mokolo ba, in ta tsinke sifikar gaba ɗaya ta zama akwati. Na nemi na ajiya, Ndi ya ce babu. Na san da haka na ɗauka.

Kafin ciniki na kira Bashir na gaya masa maɓallin a ɗakin uwarsa zai zauna. Ya ce, "Kawu, wato ana tsakiyar wasa Inna ta kashe mana sauti, in ce wa mutane me?"

"Ka ce musu Inna ce."

Ya ce za su gudu. Na ce wasu za su gudu, ban ɓoye masa ba, amma ya zaɓa tsakanin kujeru biyu babu kowa da ɗakin baya babu kowa.

Cinikin bai yi tsawo ba. Na nuna wa Ndi gefen kwalin da ruwa ya taɓa a kwantena, ya nuna mini cewa ciki a bushe yake, muka haɗu a inda dillalai ke haɗuwa. Ya raka mu har bakin titi. Yaya ta ba shi ragowar kilishinta ta ce ya kai wa uwarsa. Muna shiga tasi layin ya fara tashi, shago bayan shago, ta sa yatsu a kunne har muka fita unguwar.

Hanyar dawowa

Washegari muka kamo hanya bayan na karɓi regilate a wurin Alhaji Ɗanlami, abin daidaita wuta, don kada ta sake yi mana irin ta farko. Yaran mota suka so jefa kwalin cikin kayan ƙasa tare da buhunan kifi, na ƙi, ya zauna a kan cinyata har Yawunde. Maɓallin kuwa ba ya cikin kwalin. Yaya ta naɗe shi a hankici ta sa a jakarta. An yi ruwa daga Puma har Bumnyebel, ta yi barci mafi yawan hanya. A shingen Mbankomo wasu jandarmomin ne daban, ba su tambayi komai ba. Ana kiran la'asar muka shigo Brik, hayaƙin masu tsire ya fara tashi.

Gida

Bashir ya huda bangon da kansa, fuska a murtuke. Muka zura wayar cikin guntun tiyo don ɓera, muka ɗora wufar kan soso nesa da bango. Makon farko ya sha wuya. Yaya ta riƙe muryar ƙasa har samari na matsowa jikin allo. Masu son harbe-harbe da yawa sun tafi, wasunsu har yau ba su dawo ba, kuma cinikin rana bai koma yadda yake a da ba. Ba zan ce muku ya koma ba.

Waɗanda suka rage ne suka fito da tsarinsu, ba wanda ya koya musu. Kafin a sa fim sai wani ya zaga ta tsakar gida ya gaida ta, ya gaya mata irin fim ɗin, na soyayya ne ko na faɗa. In za a fara wasan harbi, Bashir ya ƙwanƙwasa bango ta sani. In murya ta yi ƙasa sai ka ji ana kira ta ramin wayar, "Inna, a taimaka mana kaɗan." Wani lokaci ta taimaka, wani lokaci ta ce ba su gaishe ta da safe ba. Ranar da aka sa fim ɗin Indiya ita da kanta ta ɗaga waƙar har sai da maƙwabci ya leƙo.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Alhaji Ɗanlami da iyalinsa da suka sauke mu kamar 'yan gida, da Mista Ndi da ya ɓata safiyarsa a kan sifika ɗaya, Allah ya ba mahaifiyarsa sauƙi.

Ni dai ban tambayi Yaya maganar komawa ba, don ba na son in tuna mata. Ranar wata Juma'a na biya bayan masallaci, na same ta a bakin gado, maɓallin na kan matashi kusa da ita, ana wasan ƙwallo a bayan bango. Ta tambaye ni ko na san direban da ke zuwa Bamenda. Na ce na sani.

"To ka ce masa ya biya wurin maƙwabciyata ya karɓo mini tandar masata. Yaran nan tun safe suke zaune ba su ci komai ba, kuɗinsu kuma mai burodi ke kwashewa."